Ƙarfen da Baba Ƙadangare Ya Sauke

Tun yana saurayi abokan aiki suka laƙaba masa Ƙadangare, don in ya kama ƙarfen sabis ya fara hawa, kafin ka ɗaga kai ka gyara hula ya kai rabi. Da furfura ta fara leƙo masa a gemu sai aka ƙara masa girma, ya koma Baba Ƙadangare. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa da kaushi kamar gindin tukunya. A kamfanin waya yake aiki. Shi ke kafa ƙarfe, shi ke ɗaura eriya, in iska ta karkatar da wani abu ko tsawa ta ƙona waya a can sama, shi ake turawa. Tsayi bai taɓa ba shi tsoro ba. Abin da yake tsoro a duniya biyu ne, allura da shirun matarsa.

Kamfaninsu tsoho ne, rigar aikinsu ruwan ƙasa. A can ba a taɓa aiki sai an gaisa an ƙoshi. Sai ka tambayi mutum gida, ka tambayi yara, ka tambayi ƙafar mahaifiyarsa da ke ciwo, sannan a zo maganar wane ƙarfe ne ya ɗauke. Da rana a shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar da ke harabar ofis, kowa ya buɗe kularsa, a haɗa a ci. Manaja kuwa yallaɓai ne ko a kasuwa kuka gamu.

Akwai wani kamfanin a garin, sabo, masu rigar shunayya. Su Baba suna kiransu 'Yan Sauri. Su a tsaye suke taro don kada a daɗe, kowa a kan teburinsa yake cin abinci da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana danne-danne, kuma har shugabansu da sunansa gatsal suke kiransa. Baba ya kan ce waɗannan ko gaisuwar mutuwa suka je da agogo za su auna ta.

Sai Allah ya yi ikonsa, autarsa ta gama karatu, kuma ba inda ta samu aiki sai wajen 'Yan Sauri. Ita ce mai zama gaban allo tana ganin inda sabis ya ɗauke, ta tura ma'aikata. Ranar da ta shigo gida da rigar shunayya, Baba ya kalle ta tun daga ƙofa ya ce, “Auta, ki rataye rigar nan a bayan ƙyaure, kada ta kashe mana sabis a ɗaki.”

Ta ce, “Baba, wane sabis? Wanda sai an hau kujera an ɗaga hannu?”

Haka suka yi shekaru suna yi. In kira ya yanke a gidan, sai a duba layin wa ne, a yi wa mai shi dariya har ya bar falon. Mama kuwa wayarta mai layi biyu ce, ta sa na mijinta a ɗaya, na 'yarta a ɗaya, ta ce ita ba ta da ɓangare, duk wanda ya fi araha ran nan shi ne nata.

Rannan da safe aka tara su a harabar ofis aka ce kamfanonin nan biyu sun zama ɗaya. Wani mai kwat ya yi dogon jawabi a kan ƙarfi da haɗin kai, aka yi tafi ƙasa-ƙasa. Da Baba ya koma gida yana huci, Mama ta ɗaga wayarta ta ce, “To mene ne sabo? Ni ai tun tuni na haɗa ku.”

Shi dai bai yi dariya ba. Kuma ba shi kaɗai ba.

Aka kwaso 'Yan Sauri daga ofishinsu mai gilashi aka kawo su tsohon ginin su Baba, suka shigo suna toshe hanci wai bango na warin danshi. Aka ɗora manajansu a kan kowa. Aka ɗinka sabuwar riga, jikin shunayya, hannayen ruwan ƙasa. Tsofaffin ma'aikata suka ce an ba su hannu an riƙe ƙirji, 'Yan Sauri suka ce an ɓata musu riga da kalar laka. A ɗakin shan shayi butoci biyu ne, kowane ɓangare da tasa, har sukari ba a arawa. In ka gaida ɗan Sauri da “ina kwana, ya iyali,” kafin ka kai ga yara ya riga ya sha kwana. In shi ya turo maka saƙo ba sallama, sai ka ji kamar ya watsa maka ruwa. Abin da ya fi ci wa Baba rai kuwa, an sallami mai kula da sito, amininsa da suka fara aiki tare, wai sito biyu ba ya buƙatar mutum biyu.

Sannan ga abin kunya a kansa shi kaɗai. Mai tura ma'aikata yanzu ita ce Auta. Kowace safiya muryarta za ta fito ta oba-oba a duk motocin kamfani tana raba aiki, kuma sabon manaja ya kafa doka a riƙa kiran kowa da sunansa. Safiyar farko ta kira mutum uku da sunayensu tiryan-tiryan, da ta zo kan mahaifinta sai ta yi tsit. Can ta ce, “Baba, don Allah in ba damuwa, ƙarfen bayan asibiti.”

Manaja ya leƙo ya ce a nan babu baba, duk abokan aiki ne. Auta ta ce, “To kai ka kira shi, ni bakina ba zai iya ba.” Manaja ya karɓi oba-oba da ƙarfinsa, ya buɗe baki, sai ya hango mutumin ta taga tsaye jikin mota, ya harɗe hannu, gemu fari fat. Sai kawai ya ce, “Baba, ƙarfen bayan asibiti.” Duk motoci aka ji dariya ta ɓarke. Daga ranar dokar ta tsallake mutum ɗaya.

Kowace mota aka sa mata mutum biyu, ɗaya daga kowane ɓangare. Wanda aka haɗa Baba da shi dogo ne siriri, ya ɗan girmi 'ya'yan Baba amma bai kai Baba ba, ana kiransa Mai Agogo don ba ya jimla biyu bai duba wuyan hannunsa ba. Sun daɗe da sanin juna. A kan tudun da ke bayan gari ƙarfuna biyu ne kusa da kusa, na wannan kamfani da na wancan, kuma sau da yawa suna haɗuwa kowa a saman nasa, suna jifan juna da baƙar magana ta cikin iska. Yanzu ga su a mota ɗaya, kafaɗa na gugar kafaɗa.

Komai na Mai Agogo haushi yake ba Baba. Kafin ya taɓa noti sai ya ɗauki hotonsa, in ya ɗaure ya sake ɗauka. In zai hau, ƙugiya biyu yake amfani da su, ba ya cire ɗaya sai ya maƙala ɗaya, kuma ya dage sai Baba ma ya yi haka, in ba haka ba ba za a hau ba.

Baba ya ce, “Ni da nake hawa tun kana rarrafe?”

Mai Agogo ya ce, “Ƙasa ba ta san wannan ba, Baba. Ita dai a faɗo mata.”

Ana cikin haka sai magana ta zo daga sama cewa tudu ɗaya ba ya buƙatar ƙarfe biyu. Za a bar na 'Yan Sauri tunda ya fi tsawo ya fi sabunta, a sauke tsohon. Tsohon nan kuwa Baba ne ya kafa shi da hannunsa yana saurayi, shekarar da ya yi aure. In ya ɗauko iyali a mota suka bi ta hanyar, sai ya rage gudu ya nuna musu shi, duk da sun gan shi sau ba adadi. Kuma muryar da ta faɗa masa ya je ya sauke shi, muryar autarsa ce.

Ya koma gida da yamma ya ƙi cin abinci. Auta na zaune a falo, amma sai ya juya wajen matarsa ya ce, “Ki gaya wa 'yarki ba da ni ba.”

Mama ta ce, “Ga ta nan kusa da gwiwarka.”

“Ki gaya mata dai.”

Auta ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa gabansa. Ta ce, “Baba, wallahi ba ni na zaɓa ba. Na roƙa a ba wata mota, sai na tuna wata motar za su zo da injin yanka ne su datsa shi gunduwa-gunduwa. Na ce gara kai.”

Ya kau da kai yana kallon bango. Mama ta turo masa kwanon gabansa ba ta ce komai ba, ta kuma ci gaba da rashin cewa komai. Bai jure ba. Ya wanke hannu.

Suka fara aikin da sassafe, shi da Mai Agogo a sama, ma'aikata a ƙasa suna karɓar abin da aka zuro da igiya. Daga ƙololuwa suka faro, suna kwance shi gaɓa-gaɓa. Kowane noti Baba ya kwance sai ya goge shi a rigarsa kafin ya jefa a jaka. Mai Agogo na ta ɗaukar hotunansa, amma yau bai ce a yi sauri ba.

Wajen hantsi, Baba ya miƙa ƙafa zai taka wani ƙarfe da ya saba takawa, ya manta sun riga sun kwance masa gefe ɗaya. Ƙarfen ya juya. Ƙafa ta tafi, hannu ya kuɓuce, sai ga Baba Ƙadangare a iska. Ƙugiya ta biyun nan da yake rainawa ita ta fizge shi ta riƙe. Ya tsaya yana lilo, hular kwano ta karkace ta rufe masa ido ɗaya, na ƙasa suna ta salati.

Mai Agogo ya sauko kamar walƙiya, ya maƙale ƙafa, ya miƙa dogon hannun nan nasa ya cafko ɗamarar Baba ya jawo shi jikin ƙarfe. Suka rungume sandar tare, kowa na haki. Oba-oba da ke ƙugun Mai Agogo a buɗe take, sai ga muryar Auta, “Baba! Baba, me ya faru? Ku yi min magana!”

Baba ya gyara hula, ya karɓa ya ce, “Ba komai, Auta. Iska na ɗan fita sha.” Sannan ya dubi Mai Agogo ya ce, “Wannan kuma ba ka ɗauki hotonsa ba ko?”

Mai Agogo ya ce, “Hannuna ba sarari.” Sai dariya ta kama su su biyu a can sama, irin dariyar da ke zuwa bayan tsoro, har hawaye.

Da suka sauko cin abinci, Mai Agogo ya nufi mota da ledarsa kamar kullum. Baba ya ce, “Kai, zo nan. Wanda ya riƙe min ɗamara ba zai ci abinci a kujerar direba ba.” Suka zauna a inuwar ɗakin janareta, Baba ya buɗe kula. Nan hira ta ɓalle. Baba ya kawo maganar amininsa mai sito da aka sallama. Mai Agogo ya ajiye cokali ya ce ai shi ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya aka sallama a makon da aka sallami mai siton, makaniken janareta ne, aka bar na ɓangaren su Baba.

Baba ya ce, “Ashe ku ma an taɓa ku?”

“Mu a wajenmu ai cewa ake ku kuka cinye mu. Mun bar ofishinmu, mun dawo gininku mai yoyo, kuna kallonmu kamar mun zo karɓar gado.”

Baba ya jima yana tauna. Shi duk zamansa bai taɓa kawo wa ransa cewa mai rigar shunayya ma na iya kwana da ɓacin rai ba.

Mai Agogo ne ya fara cewa ƙarfen nan fa lafiyarsa ƙalau, ko tsatsa babu, asara ce a kai shi sito ya ruɓe. Baba ya ce ai ya san inda ake buƙatarsa. Akwai wani ƙauye a bayan duwatsu, hayin kogi, inda in mutum zai yi waya sai ya hau kan wani dutse ya juya gabas ya tsaya da ƙafa ɗaya. Kamfanoni biyun duk sun daɗe suna cewa za su kai musu sabis, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara.

Suka kai wa Auta maganar, ta haɗa su da manaja. Baba ya fara da gaisuwa, Mai Agogo ya taka masa ƙafa, ya buɗe hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, kowace gaɓa da kowane noti. Manaja ya ce zai tura sama. Aka yi ta jira har Baba ya fara cewa an shanye su, sai ga amsa ta zo a je a kafa.

Saura fili. Inda ya dace gonar wani tsoho ce a gefen ƙauyen, kuma an ce mutumin ba ya son baƙi masu zuwa da mota. Mai Agogo ya sauka da takarda a hannu zai fara bayani, Baba ya ja shi baya. Suka zauna a ƙofar gidan. Baba ya gaida tsohon, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, ya tambayi shanu, ya yaba wata bishiyar lemo da ke tsakar gida, aka kawo ruwa aka sha, aka koma kan ciwon baya da maganinsa. Mai Agogo yana ta mutsu-mutsu kamar an zaunar da shi a kan tururuwa. Rana ta karkata ba a ambaci ƙarfe ba. Da suka miƙe za su tafi, tsohon da kansa ya ce, “Wai ni kam me ke tafe da ku?” Da aka faɗa masa ya ce, “Shi ke nan? Ku zaɓi inda kuke so. 'Yata na aure a nesa, muryarta sai in na hau dutse, ni kuwa gwiwa ta ƙi.”

A mota Mai Agogo ya ce, “Yini guda a kan magana ɗaya!”

Baba ya ce, “An samu ko ba a samu ba?”

Aikin kafawa ya ɗauki lokaci, don sai an haƙa rami an zuba kankare an jira ya bushe, kuma sai an yi ta tsallaka kogi da kaya. Motoci daga ɓangarorin biyu suka riƙa zuwa taimako, wasu ma ba a tura su ba. A bakin rami ba wanda ke duba kalar hannun riga, duk laka ta mai da su iri ɗaya.

Ranar da za a kunna, ƙauyen kaf ya fito, mata da maza, kowa da wayarsa a hannu ya ɗaga sama. Baba na can ƙololuwa ya ɗaure noti na ƙarshe, ya kira Auta ya ce a saki. Kowa ya zuba wa wayarsa ido. Sai wata waya ta yi ƙara a cikin taron, sai wata, sai wata. Saƙonnin da suka daɗe suna yawo suna neman masu su suka riƙa shigowa lokaci guda, ƙauye ya ɗauki ƙara kamar an buɗe kejin tsuntsaye. Wata tsohuwa da wayarta ta yi ruri a ƙugunta ta yi tsalle ta yar da ita, jikokinta suka faɗi don dariya. Tsohon mai gona kuwa yana zaune a ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafafu, yana ta ƙwala wa 'yarsa magana kamar ba waya a tsakani, “A zaune nake! Na ce miki a zaune nake, a gida!”

Baba ya daɗe a sama yana kallonsu kafin ya sauko. Ya ce wai iska ce ta sa masa ruwa a ido.

Da za su tafi, mutanen ƙauyen suka jawo wata akuya baƙa mai farin goshi suka ce tukuici ne. Suka ƙi, aka ƙi ƙin nasu. Haka aka ɗora ta a bayan mota tsakanin igiyoyi da akwatin sifana, tana kuka tun daga kogi har gari. Baba ya ce Mai Agogo ya tafi da ita, Mai Agogo ya ce shi a bene yake haya, ina zai kai akuya? Baba ya ce shi kuma in ya shiga da ita gida Mama za ta tambaye shi wa zai yi mata shara. Suka sauke ta a harabar ofis wai kafin gobe.

Goben ba ta zo ba har yau. Manaja ya ce a fitar da ita, washegari aka gan shi yana ba ta ɓawon ayaba ta taga. Aka yi shawarar a yanka a yi walima, sai mai gadi ya lura cikinta ya yi nauyi. Ba a jima ba ta haifi 'yan biyu a bayan ɗakin janareta, ofis kaf aka bar aiki aka je kallo. Nan take tsofaffin ma'aikata suka ce mai kwanciyar hankalin nasu ne, 'Yan Sauri suka ce mai tsalle-tsallen nasu ne, aka kama musu a kan wanne ya fi kyau, har aka kira Baba ya raba gardama.

Ya durƙusa ya duba wannan, ya duba wancan, ya shafa gemu. Ya ce shi dai a ganinsa duk biyun uwarsu suka biyo wajen taurin kai, kuma wanda ya ƙara barin ƙofar sito a buɗe suka shiga suka tauna masa igiyar hawa, shi da shi ne. Sannan ya miƙe yana dafa gwiwa, ya ƙwala wa Mai Agogo kira ya tayar da mota, ana jiransu a ƙarfen bakin kasuwa.